Matar da Ke Karanta Ƙasa Kafin Ta Share

Tun kafin mai gadi ya gama kurɓar shayinsa take isowa, tsintsiya a hammata, amma ba ta fara shara. Sai ta jingine ta a bakin ƙofa, ta goya hannu a baya, ta zaga filin makarantar kai a sunkuye kamar wadda ta yar da ɗan kunne. Ta bi gindin katanga, ta leƙa bayan famfo, ta duba bakin kowane aji. Sawu take nema. Duk abin da ya ja ciki a rairayin nan kafin gari ya waye ya bar mata labarinsa, kuma ta san da zarar tsintsiya ta bi ta kai shi ke nan. Sai ta gama karantawa take sharewa.

Mu da muka yi firamare a can ba mu san ta da wani suna ba sai Inna Tsaya-Tukuna, domin kalmar da ke bakinta ke nan. Ka zo a guje za ka ɗauko ƙwallo a bayan aji, sai ka ji, "Kai, tsaya tukuna!" A lokacin makarantar ce ƙarshen gari, bayan katangarta sai gonaki da ciyawa. Shara kawai aka ɗauke ta yi, ba wanda ya ɗora mata gadin macizai. Ita ta ɗora wa kanta. Takan ce, "'Ya'yan mutane ne. Da ƙafarsu suka zo, da ƙafarsu za su koma. Ba dai a filin da nake sharewa ba."

A wurinta maciji maƙwabci ne mai yawan tashi, kowane lokaci da ɗakin da yake kamawa. Da sanyi yana cikin suri ko ramin ɓera, ba ya leƙowa sai hantsi, ya miƙe a gindin katangar da rana ke fara duka. Mu ma nan muke son jeruwa shan hantsi, nan kuma take korarmu. "Ku da shi malaminku ɗaya, rana. Ku koma tsakiyar fili." Da bazara sai ya bi danshi: ƙarƙashin randa, bakin famfo, bayan banɗaki, duk inda kwaɗi ke fakewa. Ita ta sa aka ɗora randunanmu a kan bulo, yadda ido zai ga ƙasansu. Da kaka kuwa ɓera ya nufi ɗakin ajiya, shi kuma ya bi abincinsa. Ta san sawun macijin nan kasa, miƙaƙƙe kamar an ja taɓarya, ta san na kumurci mai lanƙwasa. Yaron da ke gyangyaɗi a aji ma ba ya tsira, sai ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, ga kasarku nan ta kwanta."

Damina ce take hana ta sukuni. Ruwa ya cika ramuka, kowa sai ya nemi tudu, kuma ba tudun da ya kai daɓen aji. Har yau 'yan ajinmu in an haɗu sai an tuna safiyar da ta tare ƙofar aji uku da tsintsiya. Malamin lissafi ya iso da allinsa yana sauri.

"Inna, lafiya? Lokaci yana tafiya."

"Bar shi ya tafi, Malam. Na ga sawun shiga, ban ga na fita ba. Kai da ka iya lissafi, saura nawa a ciki?"

Malam bai tsaya ba da amsa ba, sai ganinsa muka yi a gindin tuta. Ta sa mai gadi ya buɗe ƙofar baya, aka janye karyayyun bencinan da aka tara a lungu da doguwar gora, sai ga kumurci ya sulale ya nufi gona. Wasu suka ce a je a rushe surin da ke bayan katanga a huta. Ta ce a'a. "In ka rushe masa ɗaki, naka zai shigo. A bar masa nasa can nesa, mu kuma mu daina tara masa katako a nan."

Inna, ke ce rigakafin da ya fi magani. Ba a taɓa kiran sunanki ranar rabon kyaututtuka ba, domin ba a tafa wa masifar da ba ta auku ba. Mun girma, mun watse, wasunmu sun haifi 'ya'yan da kika sake kora daga gindin katangar nan, kuma a duk tsawon shekarun ba a taɓa fita da yaro ko ɗaya a kafaɗa ba.

Sai tsufa ya zo mata ta ido. Yanar ido ta fara rufe shi a hankali, ita kuma tana cewa hazo ne. Wata safiya da bazara ta gama zagayenta, ta share fili tas, tana wanke hannu a famfo sai ta ji ta taka wani abu mai laushi. Ta sunkuya ta shafa. Saɓar maciji ce, sabuwa, ko bushewa ba ta yi ba, a daidai inda 'yan aji ɗaya ke durƙusawa su sha ruwa. Ɗazu a zagayenta ta wuce ta wurin, ta duba, ba ta gani ba. Ba wanda ya sani. Da ta yi shiru da ta ci gaba da aikin da ta fi so a duniya. Ta daɗe zaune a kan bulo, sannan ta miƙe ta nufi ofishin shugabar makaranta.

"Ranki ya daɗe, a nemi wata. Hannuna yana shara, amma idona ya daina."

"Haba Inna, ai sai a nema miki tabarau."

"A nema. Amma ba zan gwada shi a kan 'ya'yan mutane ba."

Aka ɗauki wata tsohuwar ɗalibar makarantar, wadda yanzu nata yaran ne a ciki, yara suka sa mata Sabuwa. Inna ta ce ba a koyon maciji a wata ɗaya, sai an ga sanyinsa da zafinsa da daminarsa da kakarsa. Haka ta ci gaba da zuwa bayan an sallame ta, tana dafe da kafaɗar Sabuwa, suna zagaye tare.

"Me kika gani, 'yar nan?"

"Wani zane ne, Inna, ya nufi famfo."

"Miƙaƙƙe ko mai lanƙwasa? Akwai raɓa a kansa?"

Da shekara ta zagayo, wata safiya bayan ruwan farko, tun Inna ba ta tambaya ba Sabuwa ta ja ta tsaya. "Ya shiga ɗakin ajiya, Inna, bai fito ba. Ramukan baya sun cika. Bari in sa a buɗe masa ƙofar da ke kallon gona." Inna ta sauke hannunta daga kafaɗar, ta lalubi hanyar ƙofa ita kaɗai. Mai gadi ya ce ya ga tana share hawaye da gefen mayafi, tana kuma murmushi. Daga ranar ba ta sake zuwa ba.

Mun gode, Inna. Allah ya saka miki da alheri, ya haskaka miki kamar yadda kika duba mana hanya. Mu kuma da ke riƙe da wani aiki, babba ko ƙarami, mu koyi duba abin da ba a sa mu ba, mu kuma koyi sauka tun amana tana cike a hannunmu.

Tana nan da ranta, a zaune a ƙofar ɗakinta. Ku je ku gaishe ta. Ba za ta gane fuskarku ba, kuma kafin ta tambayi ko ku su wane ne sai ta ce, "Yaran fa? Duk sun tashi lafiya?" Ku ɗaga murya ku gaya mata gaskiya: lafiya lau, Inna, har yau maciji bai sari ko ɗaya ba.