Alƙasim, Mai Buɗe Bidiyon da Ya Ƙi

Ranar kasuwar Sabon Gida, tun masu albasa ba su sauke buhuna ba, Alƙasim ya kafa teburinsa: tsohuwar kwamfuta, batir, da igiyoyin caji da sunka sarƙe. Shekara goma sha huɗu ke nan, kukan da ake kawo masa guda ne. 'Ya'yanmu na can bida da manyan salula, su ɗauko bidiyo da sabon tsari, ya iso ƙaramar wayar ƙauye ya zama baƙin allo, sai murya kawai. Ni da ke ɗinki kusa da shi, wallahi na gaji da jin bayanin nan. Shi bai fasa ba: waya lafiya take, manhajar ce ba ta san wannan tsarin ba.

Bara Inna Cima ta zo daga Bangi. An gaya mata ɗanta Yaƙubu ya faɗo daga gini a Libiya, an yanke masa hannu. Ya aiko bidiyo yana cewa lafiya lau, amma hoto ya ƙi fitowa. Wani mai gyara ya ce a goge katin gaba ɗaya.

"Ɗana, murya tana ƙarya," ta ce. "Hannu nai ni ka son gani."

"Zamna, Inna. Ba a goge komi."

Manhajar farko ta ƙi. Ta biyu ta kawo hoto dishi-dishi, ya daskare, wayar ba ta da ƙarfinsa. Sai ya shiga juya bidiyon zuwa tsohon tsari a kwamfuta. Saura kaɗan, batir ya mutu. Kash! Ya aro wani, ya sake daga farko, har kasuwa ta fara watsewa.

Kai ne, Alƙasim, ba ka taɓa ce wa tsohuwa ta je ta sayi sabuwar waya ba. Yanzu idanunka sun gaji, watan nan za ka naɗe tebur, kuma raina bai so ba. Mun gode, Allah ya saka.

Ku da za ku gaji wurin nan, kafin ku ce kati ya mutu, ku gwada wata manhajar. Ina nan lokacin da hoton Yaƙubu ya fito ran nan. Inna Cima ta kai wayar dab da fuskarta.

"Ya rame," ta ce. "Amma ga hannuwa nai, duka biyu."