Gumin Taufiq a Faransa

Shekara ashirin da shida Malam Zulkifli ya yi yana haska tsofaffin finafinan Turawa a wani gidan silima a Lome. Idan zaren fim ya tsinke, shi ke yankawa ya liƙe. A nan ya gano cewa jarumi da budurwarsa da ake gani suna kallon juna, sau da yawa daban aka ɗauki kowannensu, almakashi ne ya haɗa su. Tun daga lokacin ya daina yarda da hoto. Silimar ta mutu, ya koma gyaran rediyo a Zango, amma zargin bai bar shi ba.

Ran nan ƙanwarsa Batul, uwar Taufiq, ta shigo da murna, waya a hannu.

"Yaya, dubi ɗanka Taufiq, ya isa Faransa!"

Sau uku ya kalli bidiyon. Ga fuskar Taufiq cikin rigar sanyi, sai a yanke, ga titi fari fat da ƙanƙara, sai a koma kan fuskar.

"Ina wurin da shi da ƙanƙarar suka haɗu a hoto guda?" in ji shi. "Kuma wane irin sanyi ne ke sa goshi gumi? Hau babur ɗin zem ki leƙa nan unguwar Agoè, gidan abokinsa."

A can ta sami Taufiq, yana kwance gaban fanka. Kwana biyu ta yi tana fushi da Taufiq. Zulkifli kuwa, har yau ba ta gaishe shi.