Sama'ilu da Rumbun da Ya Ƙi Haɗuwa

Sama'ilu ɗan Roni ne. Ya taso da kiwon shanun mahaifinsa, daga baya ya zo Kazaure ya koyi gyaran kwamfuta a hannun wani maigida. Yanzu shi ke kula da na'urorin shagon hoto na Alhaji Maikasuwa. Mutum ne mai shiru, in abu ya rikice masa sai ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Duk hotunan shagon suna cikin wata ƙaramar na'ura da ke ɗakin baya, wadda suke kira rumbu. Kwamfutar gaba tana ɗauko su ta waya. Wata ranar Laraba aka sauya akwatin da ke raba wayoyin, rumbun ya samu sabon adireshi. Da hantsi Hajiya Saude ta iso daga Babura karɓar hotunan sunan jikanta, ta ce motar la'asar za ta bi, don gobe uwar yaron za ta koma Nijar.

Sama'ilu ya umarci kwamfutar ta haɗu da rumbun. Ta ce wurin yana kan aiki. Ya ce ta saki tsohon haɗin tukuna, ta maimaita masa maganar. Ya rufe duk abin da ya gani a buɗe, ya sauya waya, ya hura ƙurar rumbun, amsar ba ta canza ba. Har leƙa ɗakin baya ya yi ko wani ne ke taɓawa. Kashe kwamfutar kuwa bai yarda ba, don tsohuwa ce, in ta mutu sai an wuni ana lallashi.

Hajiya ta tambaye shi aikin wa kwamfutar take yi da ya fi nata. Ya ce wallahi shi ma abin da yake nema ke nan.

Bayan azahar ya tambayi kwamfutar wa ke riƙe da wurin. Ta nuna masa manhajar sauti. Sai a lokacin ya ji abin da ke kunnensa tun safe: karatun Alƙur'ani da ke fita daga lasifikar rumfa, inda Alhaji ke zama. Daga rumbun aka kunna shi ta tsohon haɗin, kuma an sa yana maimaita kansa, shi ya sa kwamfutar ta ƙi sakin haɗin. A shagon nan ba wanda ke katse karatu.

Ya fita ya durƙusa ya yi bayani. Alhaji bai gane yadda karatu zai tare hoto ba.

"Ranka ya daɗe, sai an tsayar da shi."

"A tsakiyar sura? Bari ta kai ƙarshe."

Baƙara ce, kuma ba ta yi nisa ba. Sama'ilu ya cire maimaitawar, ya zauna yana bin ayoyin da leɓe, Hajiya tana duban rana. Da makarancin ya kai ƙarshe ya rufe manhajar, ya saki tsohon haɗin, rumbun ya haɗu nan take.

Kafin hotunan su gama fitowa motar la'asar ta tashi. Alhaji ya ce a ba Sama'ilu makullin babur. Sama'ilu ya saka Hajiya a motar da ke bin layi, wadda ba ta cika ba tukuna kuma ba tabbas za ta tashi a ranar, shi kuma ya cusa hotunan cikin riga ya kama hanyar Babura.