Ranar da Yashin Tsibiri Ya Riƙe Motar Baba

Ranar Asabar ce, kwana uku bayan Ƙaramar Salla, shekarar da nake aji huɗu a firamare. Da hantsi Baba ya tsaya da a-kori-kurarsa wurin mai faci a bakin kasuwar Daura, ya ce a ɗura wa tayoyin iska har su yi tauri, wai tafiya ce mai nisa. Watan motar biyu a hannunsa. Tsohuwa ce tukuf, amma kullum ni da yayata Hadiza sai mun goge ta kafin mu share tsakar gida, ko ƙuda ya sauka a kanta sai Baba ya yi magana.

Tsibiri za mu, ƙauyen su Inna, can gaba da Mai'adua. Da damina ruwa ke zagaye garin, da rani kuwa ya janye ya bar faffaɗan yashi. Yanar ido ta rufe wa kakarmu gani, an ba ta ranar Litinin za a yi mata aiki a asibiti, ita kuma ta rantse ba ta hawa amalanke, balle babur. Baba ya aika mata cewa har ƙofar gida zai kawo mota. Alkawari ne ya ɗaukar wa suruka, ba halin ya saɓa.

Muna shiga yashin motar ta ɗan yi gaba, ta cije. Baba ya taka totur, tayoyi suka shiga haƙa rami suna watso mana yashi a ido. Mu da muke waƙa a baya muka sauka. Muka tura, a banza. Rana ta take, ga rumbunan garin muna hange, ga Baba yana zagaya mota gumi na ɗiga daga gemunsa. Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba.

Sai Inna ta sauko. "Malam, iskar ce ta yi yawa. Muna yara direbobin kanwa in sun zo nan sace iskar tayoyi suke yi."

"Haba Maman Hadiza! Ina aka taɓa sace taya da gangan?"

Ba ta ja da shi ba. Ta tsinci tsinke, ta tsuguna, ta bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya tana sace musu iska har suka kwanta. Ta tura mu wata gona muka kwaso karan gero muka shimfiɗa a gabansu. Ta ce, "Kada ka taka da ƙarfi, kada kuma ka tsaya." Motar ta fita tana rarrafe, mu muka bi ta da gudu, yashi na gasa mana ƙafa, muna ihu.

Ranar Kaka da hannu ta shafa motar. Bayan an yi mata aiki ta dube ta sama da ƙasa, ta raɗa mini, "Ashe haka take da muni?" Ta rayu shekaru tana zura zare a allura da kanta. Baba kuwa har ya tsufa, duk direban da zai shiga yashi sai ya ce masa, "Je ka tambayi Maman Hadiza."

Yanzu an yi gada, yarana kan haye wurin ba su ko ɗaga kai daga waya ba. Ina murna da gadar, don babu tsohuwar da za ta ƙara jira. Amma ni kullum sai na rage gudu na leƙa ƙasa, inda Inna ta tsuguna da tsinke a hannu.