Hajiya da Ƙumbar Tafki

Shekaru da dama baya, ina digiri na biyu a Greensboro, mahaifiyata, Hajiya, ta zo daga Yawuri don jegon matata. Muna zaune a wani ɗan gida kan High Point Road. A iya sanin Hajiya karatun kimiyya nake, ban taɓa faɗa mata ainihin aikin ba. Kunya nake ji.

Aikin kuwa shi ne buɗe wata 'yar ƙumba da ta shigo daga Asiya ta cika tafkunan garin, har tana toshe bututun ruwa. Ina duba tsutsotsi da ƙananan halittun da ke zaune a cikinta. Matsalar, hannuna ba ya iyawa. Ina sa wuƙa sai in dagargaza naman, in kashe abin da nake nema. Farfesata ta ce in ban kawo sakamako kafin ƙarshen zango ba, sai dai in sake shekara.

Wata Asabar na kwaso ƙumbar a kular ƙanƙara, na aro ƙaramin madubin ƙara girma, na baje a kicin. Hajiya ta shigo da jaririn a goye, ta tsaya tana kallona.

"Wannan ne karatun?"

Na ce, "Shi ne, Hajiya."

"Ka ƙetaro teku don ka fasa ƙumba, kuma ba ka iya ba. Matsa."

Ta ɗauki cokalin shayi, ta zura ta gefe, ta ɗan murɗa. Ƙumbar ta buɗe lafiya lau. Ashe tun tana yarinya suke tsinto irinta a bakin kogi, suna kankare tukunya da ɓawon.

Na sa a madubi na ce ta leƙa. Wata siririyar tsutsa na ta motsi. Hajiya ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Wannan ma ana ciyar da ita."

Mako uku muna yi, tana buɗewa ina dubawa, tana yi mini faɗa in na yi gaggawa. Na gama a kan lokaci.

Abin da na fahimta daga baya, ni kaɗai ne nake raina aikin, ita ba ta taɓa ba. Na sa sunanta a shafin godiya, na karanta mata ta waya bayan ta koma gida. Na ɗauka kuka za ta yi.

Sai ta ce, "Ka dai rubuta cewa da cokali ne? Kar wani ya je ya sa wuƙa."