Akwatin da ta sa wa suna Kunne

A danginmu an manta sunanta na yanka. Uwar Fayil kowa ke ce mata, har jikokinta. Shekara ashirin da bakwai tana ɗakin rajista na hukumar da ke ba da takardar haihuwa, ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai tari. Taubashiyar nan tawa, idan ta shinshina fayil sai ta faɗi shekarar da aka buɗe shi. Amma wayarta ma sai ta yi mata sallama kafin ta taɓa.

Sai ga umarni daga sama: za a daina aiki da takarda. Ma'aikata za su yi horon mako biyu su koyi haɗa manhajar aikinsu da kansu, ba sai sun iya yaren kwamfuta ba. Akwatuna ne a allo, ka jawo wannan ka ajiye kusa da wancan, ka haɗa su da kibiya. Wanda ya kasa, a tura shi sito. Ta san siton: tsintsiya da karyayyun kujeru. Saura shekara uku ta yi ritaya, kuma ba can take so ta ƙare ba.

Ranar farko ta yi ta jan akwati har linzamin kwamfutar ya faɗo daga tebur.

"Mama, ɗaga shi ake yi a dawo da shi," in ji malamin horon.

"Ɗan nan, teburinku ne gajere."

Kwana uku tana gumi. A na huɗu malamin ya ce kibiyoyin nan ba komai ba ne illa hanyar da fayil ke bi daga tebur zuwa tebur. Ta cire tabarau ta dube shi.

"Au, dama hanyar fayil ce? Shi ne ka bar ni ina ramewa?"

Kafin azahar ta jera akwati goma sha ɗaya, ba gargada. Matasan ofis suka bar kujerunsu suka tsaya a bayanta. Sai malamin ya hango wani akwati mai suna Kunne.

Abin da bai sani ba, tun tana sabuwar ma'aikaciya, duk wanda ta ga ya zo daga nesa sai ta lanƙwasa kusurwar fayil ɗinsa. Tsofaffin masu sa hannu sun saba: fayil mai kunne a gama shi da wuri, kada motar ƙarshe ta bar mai shi. Babu littafin da aka rubuta wannan.

"Ba ya cikin tsarin aiki, Mama. Ki goge, kada a kayar da ke."

Ta kai hannu, ta tuna sito, ta tuna kuma matan da ke zaman benci da goyo.

"Kai ka san allo, ni na san benci. Bar shi."

Ranar gwaji darakta ya ba kowa buƙatu ashirin iri ɗaya. Manhajar kowa ta jera su yadda suka iso. Tata ta ɗauko huɗu daga ƙasa ta ɗora a sama.

"Wannan ta lalace ne?" in ji darakta.

"Lafiyarta lau, ranka ya daɗe. Duba inda suka fito. In an yi la'asar ba su da motar komawa."

Ya duba adireshin ɗaya bayan ɗaya.

"Shekara shida ina sa hannu a fayil masu lanƙwasa," in ji shi a hankali. "Na ɗauka ƙazantar rajista ce."

"Ai ka fi saurin sallamar su, don kada su ɓata maka tebur."

Ya ce a sa Kunne a manhajar kowane sashe. Da jerin masu tafiya sito ya fito, babu sunanta.

Yanzu duk Alhamis ita ke koyar da ma'aikatan da ake turowa daga wasu hukumomi, ni dai na ji an ce har a taga ake leƙe. Malamin horon yana layin gaba da littafinsa. Makon jiya ya shagala da sauraro har gwiwar hannunsa ta ture linzami ƙasa. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Ɗan nan," ta ce, "ɗaga shi ake yi a dawo da shi."