Baba Ɗan'inna da Daron Ungulaye

Da an sallame sallar asuba, Baba Ɗan'inna ba ya tsayawa gaishe-gaishen ƙofar masallaci. Zai tura baronsa mai ƙugi ya nufi kwatar Kafin Talha, tsintsiya da shebur a ciki, malfarsa a ka. Kafin mahauta su kayar da sa na farko ya share dandamalin yanka, ya buɗe magudanar jini, ya cika randuna. Idan aka gama fiɗa kowa ya kwashi namansa, shi ake bar wa abin da ba mai so: kashin tumbi, guntun hanji, jijiya da ƙudan da ke binsu. Shekara talatin da biyar ke nan yana leburan tsafta a wannan kwata, kuma makon jiya ya ajiye aiki.

Akwai kuma aikin da ba wanda ya sa shi. Da hantsi yakan tsince tarkacen nama a wani tsohon daro da ya sha faci, ya ɗauka zuwa gindin tsamiyar da ke bayan kwata, ya buga gefen daron da sanda sau uku. Sai ka ga ungulaye suna saukowa, suna tafiyar nan tasu ta tsofaffi masu ciwon gwiwa, su kewaye shi kamar kajin gidansa.

Mu mutanen gari dariya muke yi. Mun naɗa shi Sarkin Ungulaye ba rawani. In sun jeru a kan rumfa sai wani ya ɗaga murya, “Baba, ga surukanka sun zo gaisuwa!” Ni mai wannan rubutu na yi dariyar nan ba sau ɗaya ba, kuma yau ina jin nauyinta. Shi kuwa ba ya fushi. Iyaka ya gyara malfa ya ce, “Ai ni da su aikinmu ɗaya. Mu kwashe abin da kuka ɓata, ku juyo ku ce mu ne ƙazamai.”

A cikin masu tsokanar babu kamar Sagiru, mahauci mai hannu da baki, wanda teburinsa ke kusa da ƙofa. Shi ya ba ni labarin da zan faɗa, ya ce in rubuta da sunansa, kada in saya.

Shekara takwas da suka wuce wasu baƙi suka fara zagaya kasuwannin ƙasar nan suna neman kan ungulu, wai ana haɗa magani da shi. Garuruwa da yawa aka wayi gari babu ko ɗaya. Namu sun tsira ne don ba sa yarda da kowa sai mutum ɗaya. Baƙin suka yi ta zuba nama, tsuntsayen suna kallonsu daga sama. Da suka gaji sai suka samu Sagiru a gefe, suka lallaɓe shi da abin da ido ke so.

Ranar da aka kira ma'aikata tantancewa a Dutse, Baba Ɗan'inna ya hau mota tun da safe. Sagiru ya ɗauko daron daga inda yake kife, ya zuba kayan ciki, baƙin suka barbaɗa maganin ƙwarin gona. Ya ɗauki tsohuwar malfar da Baba ke ratayewa a ƙusa ya kifa a kansa, ya je gindin tsamiya ya buga sau uku. Suka sauko. Ya ce har yau abin da ke hana shi sakewa shi ne yadda suka taho da saurinsu, ba ɗar ba shakka, wata har tana gogar ƙafarsa. Kafin azahar ashirin da uku suna kwance. Biyu kawai suka rage, wadda ke kwanci a sheƙa da mijinta da ya tafi nesa kiwo.

Ba a ɓoye aka yi ba. Da rana tsaka aka ɗaure buhuna a bayan babur, rabin kasuwa na kallo. Abin da aka ce shi ne, “To, ungulu ce fa.” Kowa ya koma cinikinsa.

Washegari Baba ya tarar da gashin fuka-fukai a gindin tsamiya. Ya dawo ya ɗaga daronsa, ya ga an wanke shi da sabulu har yana ƙyalli, abin da shi bai taɓa yi ba. Ya duba mahautan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya dube shi, ban da mutum ɗaya da ya duƙufa wasa wuƙa. Ya matsa kusa da shi ya yi ƙasa da murya.

“Sagiru, ruwan da ka wanke daron nan, ina ka zubar?”

Sagiru ya ajiye wuƙar. Da ƙyar ya ce, “Bayan katanga, Baba.”

“To bari in je in rufe da ƙasa, kada kajin mutane su sha.”

Iyakar maganar ke nan. Bai kai ƙara wurin Sarkin Fawa ba, bai faɗa wa ko matarsa ba. Shekara takwas yana share ƙarƙashin teburin Sagiru kamar yadda yake share na kowa. Sagiru ya ce da mari Baba ya yi masa a gaban jama'a, da tuni ya warke.

Baba, kai ne ka koma gindin tsamiyar nan washegari da daro a hannu, ka buga sau uku, ba abin da ya motsa. Biyun da suka rage sun ji ƙarar da ta kashe 'yan'uwansu, sun daina yarda da ita. Ka ajiye naman ka ja da baya, karnuka suka cinye. Ka dawo gobe, ka dawo jibi. Shekara biyu cur kana buga daro ga tsuntsayen da ba sa saukowa, mu kuma muna cewa tsufa ya fara taɓa ka. Na gaishe ka, mai shara da ba ya share amana.

Allah bai bar mu mun daɗe ba mu ga sakayya ba. Da daminar shekarar tsawa ta kashe shanu biyu na wani Bafulatani a fadamar gabas. A da, kafin la'asar ungulaye sun bar ƙashi fari. Wannan karon mushen ya kumbura, ya fashe, wari ya hana mutanen unguwar cin tuwo a tsakar gida har kwana tara. Karnuka suka taru daga ƙauyuka, mata suka daina bin hanyar rijiya su kaɗai. A majalisa dattawa suna toshe hanci suna tambaya, “Wai ina ungulayen garin nan suka shiga ne?” Alhali duk mun san amsar. Baba Ɗan'inna ne ya ɗaure hanci da rawani, ya ɗauki shebur ya je ya binne abin da ya saura.

Ungulu ƙwai ɗaya tal take yi a shekara, in ma ta yi. Baba ne ya koya mana wannan. Wata shekara iskar farkon damina, wadda ta kwashe rufin aji biyu a makarantar gari, ta jefo ɗan tsakon ungulun daga sheƙa. Mutane na can suna tsintar kwanon rufi, shi yana gindin tsamiya da tsani, yana ɗaure kwando a reshe don ya mayar da shi inda uwar za ta gan shi. Dattijo mai shekara kusan sittin a kan tsani saboda ɗan ungulu! Mun yi dariya ranar ma. Yau ungulayen Kafin Talha bakwai ne, kuma direbobin da ke bin hanyar Kafin Hausa sun ce ba su san wata kasuwa a kan hanyar da ake ganin ko ɗaya ba.

Ranar Alhamis aka yi masa walimar sallama a kwata. Sarkin Fawa, Alhaji Sale, ya ba shi turmin shadda da cinyar sa, aka yi addu'a. Da aka ce ya yi magana, sai ya sunkuya ya jawo daron daga ƙarƙashin benci ya ajiye a tsakiya.

“Na gode, Allah ya saka. Shara dai hukuma za ta turo wani. Wannan fa, wa zai karɓa? Gwiwata ba ta kai ni kullum yanzu. In suka rasa abinci a nan za su tafi nema, kuma kun san abin da ke jiransu a can.”

Manyan mutane masu iyali kowa ya sa ido a ƙasa, don ba mai son a wayi gari ana kiransa Sarkin Ungulaye. Sagiru ya dubi daron. Ya san in ya karɓa ba tare da ya faɗi gaskiya ba, sata ta biyu ya yi. Ya miƙe, ya cire hularsa.

“Ranka ya daɗe Sarki, jama'a, ni ne na kashe su. Da daron nan, da malfar Baba a kaina. Baba, ka yafe mini.”

“Haba Sagiru, ai na sani tun ranar,” in ji Baba. “Nawa na yafe tuntuni. Amma ba ni kaɗai ka yi wa ba. Ɗauki ka je ka buga, mu ga abin da su za su ce.”

Duk muka bi shi zuwa gindin tsamiya. Ya buga sau uku. Bakwai ɗin suna kan reshe, suka karkato kai suka dube shi, ko ɗaya ba ta motsa ba. Ya sake bugawa. Shiru. Alhaji Sale ya ji tausayinsa ya ce, “Baba, ara masa malfarka mana, in sun gan ta za su sauko.” Baba har ya kai hannu ka. Sagiru ya girgiza kai, hawaye na bin gemunsa.

“A'a, ranka ya daɗe. Na taɓa yi musu ungulu da kan zabo. In za su sauko, su sauko suna ganin fuskata.”

Baba Ɗan'inna, mun gode. Mun gode da shara, mun gode da shirun da ka yi mana lokacin da muka cancanci tonon asiri. Ka yafe mana dariyarmu. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya sa ka ci fanshonka cikin kwanciyar hankali, ya sa aikin nan ya tarar da kai a mizani. Ku kuma masu karatu, in akwai sauran wata halitta da ta rage a garinku, ko tsuntsu ko bishiya, akwai wanda ke tsaronta kuna yi masa dariya. Ku neme shi tun yana da rai, ku karɓi daron.

Jiya na bi ta bayan kwata da hantsi. Kwana shida ke nan Sagiru yana bugawa, kansa ba malfa, kuma ba su sauko ba tukuna. Baba na zaune can nesa a kan tabarma yana jan carbi. Na ji Sagiru ya juyo ya ce, “Baba, har yaushe?”

Baba ya ce, “Ni da ban yi musu komai ba, shekara biyu na yi. Buga.”